Hoton Bangon Mujallar Kiɗa

A shagon hoto na tashi. Babana yana da ɗan shago a Gumel, a kan hanyar kasuwa, inda ake ɗaukar fasfo da hotunan Sallah da na angwaye. Tun ina 'yar firamare nake tsayawa a gefensa, ina gyara wa maza zaman hula, ina ce wa mata su ɗan sauke haɓa. Kafin in gama sakandare na san inda ake kafa fitila, na san farar shadda tana dusashe fuska idan haske ya yi yawa, na san yadda ake jera taron mutane a ɗan ƙaramin wuri ba tare da kan wani ya rufe na wani ba. Duk mata ne mu a wurin Baba, kuma ni kaɗai na ɗauki sana'ar. Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Idan abokansa suka zo hira yakan nuna ni ya ce, "Ga mai gadon shagon nan." Ina jin daɗin maganar fiye da yadda nake bari a gani.

Da na shiga kwaleji, a nan cikin garin, ba a daɗe ba kowa ya san ni da 'yar mai hoto. A shekararmu ta biyu ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kiɗa da waƙa ta ce za ta fitar da mujalla. Shugabanmu ne ya kawo shawarar, wani dogon saurayi ɗan Filato da aka kawo mahaifinsa aiki Gumel tun yana goye, har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Yana kaɗa jita a cocinsu. Ya ce ya gaji da ganin mawaƙan Kano da Legas a wayoyinmu, alhali ga makaɗa a garuruwanmu suna tsufa, ba wanda ya taɓa yi musu hoto na kirki.

A gindin darbejiyar bayan ɗakin karatu muka zauna. Ya ɗauko fararen takardu ya ninka su biyu, ya soka su cikin juna, ya ɗaga sama ya ce, "Ga mujallarmu." Muka fashe da dariya. Bai kula ba, ya riƙa buɗe shafukan da babu komai a cikinsu yana faɗin abin da zai shiga. Nan masu kalangu na kasuwar Maigatari, nan wani tsoho mai gurmi a Sule Tankarkar, nan matan Gagarawa masu kiɗan ƙwarya, can baya kuma samarin garinmu masu fiyano da kuma 'yan waƙar cocin da shi yake kaɗa jita. Bango da shafukan tsakiya ne kaɗai za su fito da launi, sauran duk baƙi da fari, don iyakar ƙarfinmu ke nan.

"Maganar hoto kuwa ba sai an ja ta ba," in ji shi, ya nuna ni da biro. "Muna da 'yar gado."

Ƙawata tana zaune kusa da ni ranar. 'Yar Maigatari ce, mahaifiyarta mutuniyar Damagaram, shi ya sa take ce wa biro bik, ta ce wa kyauta kado, mu yi ta tsokanar ta. A ɗakin kwanan ɗalibai take, amma kusan duk ƙarshen mako a gidanmu take cin tuwo. Ba ta san komai game da kyamara ba. Wayarta ma gilashinta a tsage yake. Ni na ɗaga hannu na ce a sa ta a cikin tafiyar, ta riƙa naɗar hira da makaɗan, ta kuma taya ni riƙon jaka. Ina yawan tuna cewa ni na kawo ta.

Da Maigatari muka fara, ranar kasuwa. Baba ya ba ni babbar kyamararsa, wadda ba ya yarda kowa ya fita da ita, ya yi ta maimaita mini kada in bar ta a rana. Muka sami masu kalangun a wajen rumfunan mahauta. Na duba na sami bango mai inuwa daidai, na jera su, babbansu a tsakiya, kowa ya rataya kalangunsa. Na ce kada wanda ya motsa. Suka tsaya cak, na ɗauka, na duba, komai ya fito tsaf, har zaren igiyoyin kalangun ana iya ƙirgawa. Ita kuwa ƙawata garinsu ta zo. Tana can tana gaisawa da wannan, tana amsa tsokanar wancan, har ta ce wa babban makaɗin in ya isa ya kaɗa mata taken kakanta. Ya kuwa kaɗa. Mahauta suka bar wuƙaƙe suka taso. Na gan ta tana ɗaga waya, ban ɗauki abin a bakin komai ba. Ina can ina goge ƙura daga idon kyamara.

A Sule Tankarkar ma haka. Na roƙi tsohon mai gurmi ya shiga ya sako rigarsa ta Juma'a, ya zauna a sabuwar tabarma. Ya yi duk yadda na ce, har da gode mini. Bayan na gama ya cire rigar ya rataye, ya koma kan buzunsa yana amsa tambayoyin ƙawata, yana ɗan taɓa tsirkiyar gurmin ba da niyyar kiɗa ba.

A Gagarawa shugaba a zaure ya tsaya, don gidan matan aure ne. Mu biyu muka shiga. Matan suna cikin wani ɗaki mai ƙofa ɗaya, sun zagaye babban kwano cike da ruwa, an kifa ƙwarya a kai, wasu ƙoren kuma a ƙasa. Shugabarsu tsohuwa ce siririya mai kaifin murya, kowa Inna yake ce mata. Na leƙa ɗakin na ga duhu, na ce, "Inna, don Allah ko za ku fito tsakar gida? Hasken nan ba zai yi ba."

Suka fito, suka jera, suka gyara mayafi. Na ce su yi kamar suna kiɗa. Suka yi kamar suna yi. Da na ce na gama, Inna ta ce, "To, alhamdu lillahi, rana ta ishe mu," suka kwashi kayansu suka koma ɗaki. A can ne aka fara kiɗan gaske. Ƙawata ta tuɓe takalmi ta shige tsakiyarsu, ta zauna dirshan, kafin a yi baiti biyu ta kama amshi. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Na san hasken bai isa ba, kowane ɗan koyo ya san haka, sai na rufe kyamara na sa a jaka.

Bayan 'yan kwanaki muka taru a wani aji da babu kowa don duba hotuna a kwamfutar shugaba. Nawa aka fara buɗewa. Aka riƙa cewa, "Ya yi kyau," "Ya fito sosai," irin yabon da ake yi wa ɗinkin da ba shi da aibi. Da aka gama sai shugaba ya ce wa ƙawata ta turo hirarrakin. Ta turo, hotunan wayarta suka biyo ciki. Ta ce, "Ku share waɗannan, wasa ne nake yi."

Bai share ba. Ya buɗe na farko, babban mai kalangu ya karkata kai, ido a rufe, jijiyar wuyansa ta miƙe, wani mahauci a bayansa ya ɗaga hannu sama yana ihu. Wani ya ce, "Kai!" Ya buɗe na biyu, yatsun tsohon mai gurmi ne kawai da gefen gemunsa. Ya buɗe na uku, Inna ce a cikin duhun ɗakin nan, baki a buɗe, hannu a sama zai sauka a kan ƙwarya, fuskokin matan a bayanta kamar a cikin hayaƙi. Ajin ya yi tsit. Ba a yi wa ko ɗaya daga cikin nawa irin wannan shirun ba.

"Ke, ashe haka kike?" in ji shugaba.

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. "Wallahi dannawa kawai nake yi."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Da ta ce ta daɗe tana koyo a ɓoye, da na sami abin riƙewa.

Na ce a raina ɗalibai ne, ba su san hoto ba. Wanda ya sani yana gida. Na wanke wasu daga cikin nawa da wasu daga cikin nata a injin shago, na gauraya su, na shimfiɗa wa Baba a kan tebur bayan la'asar, ban ce masa komai ba. Ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki nawa na masu kalangu ya gyaɗa kai ya ce, "Hasken nan ya zauna." Ya ajiye. Da ya zo kan na Inna sai ya ɗauka ya matsa bakin ƙofa, ya daɗe yana kallo.

"Uwata, wannan da me kika ɗauka?"

"Ba ni ba ce. Ƙawata ce, da waya."

"Yarinyar nan ta Maigatari?"

"Ita."

Ya sake duban hoton. "Ya yi duhu, ya kuma girgiza. Amma ta san lokacin da ake dannawa. Wannan ba a koya wa mutum shi." Ya cire tabarau. "Ki ce mata ta zo ina son ganin ta."

Na tattara hotunan na zuba a ambulan. Tuwon daren nan ban san ɗanɗanonsa ba.

Ta zo ranar Asabar. Ina zaune a bayan kwamfutar shago ina gyara fasfo, ina jin su. Ya ɗora mata kyamarar a hannu, ya nuna mata yadda ake tallafe ta da tafin hagu, ya nuna mata abubuwan da na shekara da shekaru ina tsinta a gefensa ba tare da ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini ba. Tana tambaya, yana amsawa da "'yata". "A'a, 'yata, matso da gwiwar hannunki jikinki." Na lalata fasfo ɗin wani bawan Allah, na yanke masa kunne, sai da na sake.

A taro na gaba shugaba ya ce tun da ni ce na iya kwamfuta, in karɓi tsarin shafuka gaba ɗaya, ƙawata kuma ta ɗauki sauran hotunan da suka rage, na masu fiyano da na coci. Ya faɗe shi kamar ƙarin girma aka yi mini. Na ce to.

Tsarin shafi aiki ne da ba wanda yake gani sai in ya lalace. Na fara da neman irin rubutun da zai karɓi haruffanmu masu ƙugiya, don duk wanda na zaɓa sai ƙa da ɗa da ɓa su koma 'yan akwatuna. Na raba kowane shafi gida biyu, na ga layukan sun yi tsawo, na mai da shi gida uku. Na gano cewa idan mutum a hoto yana duban dama, to a shafin hagu za a sa shi, don ya dubi cikin mujallar, kada ya zama kamar zai fice daga cikinta. Na gano hoton da zai haye shafukan tsakiya dole a kauce wa sa fuska a kan ninkin, in ba haka ba ƙusar ɗinki za ta huda wa mutum hanci. Wuta ta ɗauke, ta dawo, in tarar rabin aikin ya tafi. Kuma duk shafin da na buɗe, hotonta ne yake neman babban wuri. Nakan gwada nawa a gurin, in ja shi ya cika rabin shafi, in zauna in kalle shi, in san a cikina cewa shafin ya mutu. Sai in cire in mai da nata.

Bango ne ban yarda in saki ba. Kowa ya riga ya sa rai hoton Inna ne zai hau. Na zo taro da hujjojina, kuma duk gaskiya ne. Na ce hoton a kwance yake, bango kuwa a tsaye yake. Na ce babu fili a saman kanta inda sunan mujalla zai zauna. Na ce hoton waya da aka ɗauka a duhu, idan aka faɗaɗa shi, zai fashe. Na fito da bangon da na tsara da nawa hoton na masu kalangu, sunan mujallar da ja a sama, komai a wurinsa.

Shugaba ya karɓa ya duba. "Ba shi da laifi ko kaɗan," in ji shi. "Sai dai in na dube shi ba na jin kiɗa."

"Mujalla ce, ba rediyo ba," na ce.

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce a kai duka biyun shagon buga takardu a gwada a babbar takarda, a gani da ido.

Aka gwada. Nawa ya fito garau. Nata ya fito kamar an shafa wa takardar toka da ruwa, fuskar Inna ta narke, matan bayanta suka zama dunƙulen baƙi. Mai shagon ya ce ko a Kano aka kai, iyakarsa ke nan. Ina tsaye da takardar a hannu na ji wani sanyi ya sauka mini tun daga wuya har ciki. Ban yi murmushi ba, amma na yi tafiyar komawa makaranta ranar ba tare da na ji zafin rana ba.

Ƙawata ba ta ji haushi ba, ko in ce ban ga alama ba. Ta ce, "Ai kin faɗa. A sa naki." Da a nan aka tsaya, da na ci bango.

Da Baba ya ji labari, a bakinta ya ji, don yanzu takan biya ta shago ko ba na nan. Ya kira ni ya ce, "Ku koma Gagarawa. Ku sake shi da kyamara."

"Baba, ɗakin duhu ne. Ko da kyamara sai an sa fitila, in an sa fitila kuma matan za su daskare."

"Ba fitila za ku sa ba." Ya shiga bayan labule ya fito da wani faffaɗan kwali da ya manne da takarda mai ƙyalli, irin wanda yake amfani da shi a hotunan waje. "Ki tsaya a bakin ƙofa ki kamo rana ki jefa ta ciki. Ke za ki saita kyamarar, kin fi ta sanin wannan. Ita ta ɗauka."

Ya sa kyamarar a jakarta, ya miƙa wa ƙawata. Ni ya miƙo mini kwali.

A mota zuwa Gagarawa kwalin bai shiga ko'ina ba, sai a kan cinyata na riƙe shi, yana tokare wa na kusa da ni haƙarƙari, ina ta ba da haƙuri. Ita tana rungume da jakar kamar an ba ta jariri. Ta yi ta yi mini hira, ina amsawa da "uhm".

Inna ta gan mu ta ce, "'Yan hoto sun dawo. Yau ma rana za ku shanya mu?"

"A'a, Inna," in ji ƙawata. "Yau ranar za mu kawo muku ciki."

Matan suka yi shewa. Na karɓi kyamarar na saita ta daidai da hasken da nake sa ran samu, na juya ta a tsaye na nuna wa ƙawata. Na ce, "Haka za ki riƙe. Ki bar fili a saman kanta, kamar tafin hannu biyu. Kada ki taɓa komai sai maɓallin nan." Na ji muryata ta fito da kaushi. Ta ce to.

Na fita tsakar gida na nemi rana. Sai da na ja baya har kusa da turken awaki kafin na samu ta faɗo a kan kwalin, na karkata shi a hankali har wani farin haske ya shiga ta ƙofar ya sauka a kan kwanon ruwan. Daga inda nake ba na ganin komai a ɗakin sai ƙafafun mata biyu. Kiɗa ya tashi. Ina jin muryar Inna, ina jin amshi, ina jin muryar ƙawata a cikin amshin. Hannuwana suka gaji, zufa tana shiga mini ido, wata akuya tana jan gefen zanena. Idan na ɗan sauke kwalin sai in ji ta daga ciki, "Ƙawa, ɗaga kaɗan! Yawwa, nan!" Na daɗe a haka. Ba wanda ya leƙo ya ce sannu.

Da ta fito ta miƙo mini kyamarar. Na duba. Hannun Inna ya sauka a kan ƙwarya, ruwa ya yi tsalle sama, kowane ɗigo ya kama hasken nan yana walƙiya, fuskarta a bayan ruwan, rabi a haske rabi a inuwa. Ga fili a sama daidai sunan mujalla. Ban taɓa ganin hoto irinsa ya fito daga kyamarar Baba ba.

"Ya yi?" ta tambaya.

"Ya yi," na ce.

Ni na tsara bangon. Na gwada sunan mujallar da ja, ya yi faɗa da zanen Inna, na mai da shi ruwan ƙwai kamar bayan ƙwarya. Na rage girman rubutun gefe don kada ya taɓa ɗigon ruwan. Na yi kwanaki a kansa, kuma duk gyaran da na yi ƙara wa hoton kyau yake yi, ina sane. Na kasa yin aikin da bai kai ba, ko don kada Baba ya gani.

Saura layi ɗaya a cikin bango, inda ake rubuta wanda ya ɗauki hoton. Ƙawata ta same ni a shago ina kansa. Ta jawo kujera ta zauna ta leƙa.

"Ki sa sunanmu mu biyu," in ji ta.

"Mutum ɗaya ke danna kyamara."

"Haba ƙawa. Ke kika saita, ke kika kawo hasken. Ba don ke ba ai toka za a sake samu."

"Ba na son kado," na ce.

Na ga maganar ta shige ta. Ta ce, "Ba kyauta ba ce, gaskiya ce."

Na san gaskiya ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce ita ce za ta matsa ta ba ni wuri, a shagon ubana, a kan kyamarar ubana. Na rubuta sunanta shi kaɗai, na daidaita shi a tsakiya, na adana. Ta ɗan zauna, ta ga ba zan ƙara magana ba, ta tashi ta je ta gai da Baba ta tafi. Makon nan ba ta zo cin tuwo ba. Mako na gaba ta zo, ba wanda ya ta da zancen.

A Kano aka buga mujallar. Ranar da aka kawo ta aka yi ɗan taro a babban ɗakin makaranta, samarin fiyano suka yi waƙa, shugaba ya kaɗa jita. Malamai suka riƙa ɗaga bangon suna tambayar wace ce, ana nuna ta, tana sunkuyar da kai. Sunana yana shafi na biyu, can ƙasa, da ƙananan haruffa, ni da kaina na sa shi a wurin. Shugaba ya matso kusa da ni ya ce mai maɗaba'ar ya tambayi wanda ya yi tsarin, wai ya daɗe bai karɓi aikin ɗalibai da bai sake taɓa komai a ciki ba. Na ji daɗi, amma mutum ɗaya ne, kuma yana Kano.

Ba a sake fitar da mujallar ba. Shugaba ya gama ya tafi, waɗanda suka biyo baya ba su da wannan ƙwazon. Ƙawata ta yi ta zuwa wurin Baba har muka gama karatu, daga baya ta koma Kano, ta fara da hotunan biki, yanzu har ƙungiyoyi suke ɗaukar ta ta bi su ƙauyuka. Ni ina koyarwa a wata sakandare, da yamma in zauna a shago, don idon Baba ya yi rauni. Katin gayyata da kalandar biki da littafin taron makarantu, yawancin na garin nan ta hannuna suke bi, kuma mutane suna cewa aikina yana da tsabta.

Muna nan da ita, ba mu rabu ba. Ta zo sunan 'yata ta fari, na je bikin ƙaninta a Maigatari. Lokaci lokaci takan turo mini hoto a waya, ba ta rubuta komai sai "Ƙawa, duba." Nakan ajiye abin da nake yi in buɗe. In sa yatsu biyu in faɗaɗa shi, in bi shi kusurwa kusurwa. Wani lokaci in sami bango ya ɗan karkace, ko farar riga ta ƙone da haske, in ji ɗan sauƙi. Yawanci ba na samun komai. Sai in rubuta mata, "Ma sha Allah," in kifa wayar a kan tebur, in koma kan katin da nake tsarawa.